Gardamata da Mai Gyaran Agogon Batsari

Shekara shida na yi ina koyar da fiziks a wata sakandare da ke ƙasar Safana, ta wajen Babban Duhu. Ni kaɗai ne malamin fiziks, kuma ni nake riƙe lissafi duk lokacin da mai lissafin ya je ganin gida ya ƙi dawowa. Iyalina suna Katsina a gidan mahaifina, don tun shekarar farko muka ga bai kamata in kawo mace da ƙananan yara inda hankali ba ya kwance ba. Ɗaki ɗaya na kama a cikin garin Safana, a gidan wani dillalin hatsi. Katifa, risho, bokiti da kwalin littattafai, su ne kayana.

A cikin kwalin akwai wani littafi da na yi wa fotokwafi tun ina jami'a, a kan nazariyar da muke kira rilatibiti, babbar, wadda ta shafi nauyi. Abin da take faɗa a taƙaice shi ne, ba wata ɓoyayyar igiya ce ke jawo mangwaro ya faɗo ƙasa ba. Duk abu mai nauyi, kamar duniya ko rana, yana lanƙwasa sarari da lokacin da ke kewaye da shi, sauran abubuwa kuma su bi lanƙwasar. Daga nan sai ta ce lokaci ba ya tafiya bai ɗaya a ko'ina: kusa da ƙasa yana ɗan jan ƙafa, can sama yana ɗan sauri. Na so in koma jami'a in zurfafa a kanta, Allah bai yi ba. Ba ta cikin manhajar da nake koyarwa, don haka babu dalilin da zai sa in ambace ta a aji. Sau ɗaya na ɗauko zancenta a ofishin malamai, wani abokin aikina ya dube ni ya ce, "Malam, anya ka karya kuwa yau?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Ban sake ba.

Bayan la'asar nakan zauna a ƙofar ɗaki in buɗe littafin, in bi lissafin layi-layi da fensir. Idan na gane wani wuri da ya daɗe yana ba ni wuya, sai in ɗaga kai ina neman wanda zan gaya wa. Awakin maigidan kawai nake gani.

A shekarata ta uku agogon hannuna ya tsaya. Na mahaifina ne, irin na da wanda ake wanawa. Aka ce mini akwai wani tsoho a kasuwar Batsari, in dai bai gyara shi ba to a jefar. Ranar kasuwa na bi motar masu sarin rogo na tafi.

Na same shi a wata ƙaramar rumfa tsakanin mai gyaran rediyo da mai faci. Dattijo ne siriri, ya haura saba'in, da wani gilashi da yake maƙalawa a ido ɗaya. Teburinsa cike da agoguna, na hannu da na bango, da ƙananan sukudireba, da hantsaki, da gwangwanin madara mai ɗan kananzir. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi gida da aiki da hanya. Ya buɗe bayan agogona ya duba, ya ce datti ne kawai, in zauna. Ina zaune na lura babu agogo biyu a teburin da suka yi daidai da juna. Bakina ya suɓuce na ce, "Baba, ka san masana sun ce lokacin ma kansa haka yake, ba daidai yake tafiya a ko'ina ba?"

Na zaci zai yi dariya kamar kowa. Sai ya cire gilashin daga idonsa ya ajiye.

"Mi ka ce, Malam? Sake hwaɗi in ji."

Na sake faɗa, na ƙara bayani. Na ce da za a kai agogo ɗaya kan tsauni a bar ɗan'uwansa a gindi, na saman zai riga na ƙasan.

Ya ce, "Shekara hamsin nike aikin nan. Ba a taɓa kawo mani agogon da ya yi jinkiri aka ce lokaci na da laihi ba. Kullum agogon ne. Ko datti, ko sifirin ya gaji, ko zahi ya taɓa shi. To su masanan naka, da agogonsu ya saɓa, don mi ba su ce hawan dutse ya taɓa agogon ba? Mi ya kai su ga lokaci?"

A jami'a ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, ni ma ban taɓa yi wa kowa ba. Na ce masa zan kawo amsa kasuwa mai zuwa. Ya ce, "Allah Shi kai mu." Ya miƙo mini agogona, ya tashi yana aiki.

Haka na zama ɗan kasuwar Batsari. Kusan kowane mako, in dai na sami wanda zai riƙe mini darasin ranar, sai na je. Ya ajiye mini wani benci guntu a gefen teburinsa. A hankali na san labarinsa. Mutumin Yasore ne. Mahaifinsa ya rasu a kan addinin gargajiya na kakanninsu. Shi ya musulunta yana saurayi a Zariya, inda ya koyi sana'ar a wurin wani Bayarabe. Ƙanensa kuma ya zama Kirista, yana can gida yana noma. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa mata duk suna gidajen aure. Ciniki kuwa ya ja baya tun da kowa ya koma duba lokaci a waya. Wani lokaci mukan yi awa uku ba wanda ya tsaya sai mai neman batir.

Amsar da na kai masa ita ce, ba agogo iri ɗaya ne ke saɓawa ba. Kowane irin agogo, ko da me aka yi shi, da daidai gwargwado ɗaya yake saɓawa. Bugun zuciyar mutum ma haka, tsufansa ma haka, dahuwar tuwo ma haka. Na ce, "Baba, idan duk abin da ke motsi ya yi jinkiri tare, ba a bar ko ɗaya ba, me ya rage da za a kira lokaci wanda bai yi jinkirin ba?"

Ya ce, "Wanda Allah Ya sani."

Na ce wannan ba a iya auna shi.

Ya ce, "Ai ban ce ana iyawa ba. Kai ne ka ɗauka abin da ba a auna ba babu shi."

Na kwana biyu ina juya wannan magana. A gaskiya akwai masana da suka yi irin wannan tunani, cewa akwai lokaci guda na asali, ma'aunanmu ne kawai ba sa iya kama shi. Yawanci an bar ra'ayin ne ba don an kama shi da ƙarya ba, sai don ba ya ƙara komai a kan lissafin. Da na gaya masa haka ya ji daɗi ƙwarai. Ya kira mai faci ya ce, "Zo ka ji, ashe ina da 'yan'uwa a Turai."

Ni ma ina samun nasara wani lokaci. Na ba shi labarin yadda aka duba taurari ranar husufin rana, aka ga haskensu ya karkata da ya bi ta gefen rana, kamar yadda lissafin ya faɗa tun kafin a duba. Wannan ya shige shi. Ya ce mutumin da ya faɗi abu kafin a gani, aka je aka tarar haka yake, ya cancanci a saurare shi. Na nuna masa taswirar da ke cikin wayata, da ɗigon da ke nuna inda muke zaune. Na ce taurarin ɗan'adam ne ke faɗa wa wayar, kuma agogunan da ke cikinsu sai da aka yi musu gyara bisa wannan nazariya. Da ba a yi ba, da ɗigon ya yi ta gocewa kullum har ya bar garin. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo.

"To ta yi aiki," in ji shi. "Amma aiki daban, gaskiya daban. Ubana yana da lissahin da yake sanin ranar shuka da shi, ta wurin fitowar wani tauraro. Bai cika kuskure ba. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce tauraron ne ke kiran ruwa. Lissahin daidai, dalilin ba daidai ba."

Na ce haka ne. Har na ƙara masa da abin da ni kaina na sani: nazariyar ba ta jituwa da ɗaya babbar nazariyar da ke bayanin ƙwayoyin zarra, kuma akwai wuraren da lissafinta yake kaiwa ya tsaya cik. Masana da kansu sun yarda ba ita ce maganar ƙarshe ba. Ya ce ya fi son su yanzu da ya ji suna iya cewa ba su sani ba.

Sai shekarar da aka rufe layin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Rana ɗaya muka wayi gari ba kira ba saƙo. Ɗalibaina suka ragu, musamman na ƙauyuka, don iyaye sun ji tsoron hanya. Wata rana mutum tara na tarar a ajin da ke ɗaukar sittin. Malamai biyu suka tafi ba sallama. Maigidana dillali ya kwashe iyalinsa ya kai Dutsinma, gidan ya rage daga ni sai wani tsohon kare. Da can nakan ji muryar yarana kullum da yamma, ko da minti biyu ne. Yanzu sai in yi mako biyu ban san halin da suke ciki ba. Kasuwar Batsari ma ta zama rabin kasuwa, amma Baba yana fitowa, ni ma ina zuwa idan an sami mota.

A lokacin mutane suka gano wani dutse a bayan garin Batsari, wanda idan ka hau ƙololuwarsa ka yi haƙuri, layin wata ƙaramar hukuma da ba a rufe ba yakan leƙo. Wata ranar kasuwa na ce wa Baba zan hau in nemi gida. Idonsa ya yi haske. Ya jawo aljihun tebur ya fito da agogo biyu iri ɗaya, masu batir, waɗanda ya ce su ne mafi gaskiya a duk abin da ya mallaka. Ya saita su har hannun sakan ɗinsu yana bugawa tare.

"Tahi da guda. Ni in riƙe guda. Mu gani."

Na ce, "Baba, ba za a ga komai ba. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na sakan ba. Sai da wani irin agogo na musamman, wanda ni ma ban taɓa gani da idona ba."

"Ba ka taɓa gani ba?"

"Ban taɓa ba."

"To wa ya gaya maka?"

"Malamaina, da littafi."

"Su wa ya gaya masu?"

Na yi dariya, don na ga inda ya nufa. Ya ce, "Ba laihi ba ne, Malam. Ni ma ban ga Makka ba, na kuwa yarda tana nan. Amma ka riƙa cewa an gaya mani. Kullum kana magana kamar kai ka auna."

Duk da haka na sa agogon a aljihu na hau. Hawan ya fi yadda na zata wuya. A saman na tarar da mutane kusan talatin, maza da mata, kowa ya ɗaga waya sama yana juyawa a hankali. Ba mai magana da wani. Can sai ka ji wani ya ɗaga murya, "Alo! Kuna jina?" sai kowa ya ruga kusa da shi. Daga nan ana hango gonakin rogo da na gero har bakin daji, wasu an nome, wasu da yawa ciyawa ta cinye. Tun hantsi nake zaune a kan dutse mai zafi, sai dab da azahar layi ya shigo wayata. Na kira uwargidana. Ta ɗauka, na ji ta ce, "Baban yara? Lafiya kake?" Na ce lafiya lau, ya yara? Ta fara cewa ƙaramin ya yi zazzaɓi amma, sai layin ya ɗauke. Na ƙara awa guda ina ɗaga waya, bai dawo ba. Ban san abin da ke bayan wannan amma ba sai bayan kwana goma sha ɗaya, da na je gida na tarar yaron ya warke yana wasa.

Da na sauko ranar, Baba ya jera agogunan biyu a tafin hannunsa, ya sa gilashinsa. Wanda na hau da shi ya yi baya da sakan ɗaya. Baya, ba gaba ba, akasin abin da nazariyata ta ce. Ya yi dariya har da tari, ya kira mai rediyo da mai faci su zo su shaida. Ni kuwa raina na kan yaron, ban iya ko murmushi ba. Ya lura. Ya sallami mutanen, ya zuba mini ruwa a kofi, ya tambaye ni abin da ya faru. Na gaya masa. Ya yi addu'a, muka shafa. Bayan wani lokaci ya ce, a hankali, "Sakan ɗin nan zahin rana ne, ba komi ba. Na san halin agogona. Ban kayar da kai ba, kai ma ba ka kayar da ni ba."

Kafin in tashi ya ba ni wata tambayar. Ya ce idan lokacin sama da na ƙasa ba ɗaya ba ne, to da gaske wanda ya zauna a sama ya fi tsufa, ko kuwa ganin ido ne kawai daga ƙasa? In sun haɗu, wa zai fi furfura? Ya ce kada in ba shi amsar littafi, in zauna in yi lissafin da hannuna in kawo masa takardar, ko da ba zai iya karantawa ba.

Daga nan hanya ta ƙara lalacewa. Aka tare motar kasuwa sau biyu a tsakaninmu da Batsari, direbobi suka daina zuwa. Mako biyar ban je ba. Makaranta ma sai a buɗe yau a rufe gobe. Lissafin nan shi ya riƙe ni. Kullum bayan la'asar ina ƙofar ɗaki da fensir, ina yi ina gogewa. Na gano ashe wurare da yawa haddacewa kawai na yi a jami'a. Da na kai ƙarshe, na ga da hannuna cewa bisa nazariyar na saman zai fi tsufa da gaske, ba ganin ido ba ne, sai na ji wani daɗi da na daɗe ban ji irinsa ba. Na kwafe shi a takarda mai tsabta, shafi huɗu. Har na shirya yadda zan faɗa masa da Hausa, da inda na san zai tare ni, da abin da zan ce.

Ranar da mota ta samu na tafi da takardata. Na tarar da rumfar ba tebur, wani mai sayar da takalman roba ya baza kayansa a wurin. Mai faci ya taso ya kama hannuna ya ce, "Malam, ashe ba ka ji ba? Sai haƙuri. Yau kwana ashirin da uku." Ciwon ƙirji ne, kwana huɗu ya yi a kwance a Yasore. Sun so su sanar da ni, ba waya, kuma ba wanda ya san gidan da nake a Safana.

Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Ban yi kuka ba. Na dai riƙa lissafa ranakun, ina tuna me nake yi a kowacce. Ranar da aka binne shi ina shafi na biyu.

Na sami mai babur ya kai ni Yasore don ta'aziyya. Ƙanensa na tarar a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, dattijo mai kama da shi sosai, sai dai ya fi shi jiki. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa da dafaffen rogo da ƙuli. Na yi wa mamacin addu'a irin tamu, ya sunkuyar da kai har na gama, ya ce amin, ya gode. Ya ce ya san ni a baki, yayansa yakan ce yana da wani malami da suke gardama.

"Wai a kan mi kuke gardamar nan? Na tambaye shi, ya ce ba zan gane ba."

Na ce a kan lokaci ne, ko ɗaya ne a ko'ina ko ba ɗaya ba. Na fara yi masa bayani, ya saurara cikin ladabi yana gyaɗa kai. Ban yi nisa ba na ga idonsa ya koma kan hadarin da ke haɗuwa ta gabas. Na bar bayanin a nan. Ya ce bana gonar da ke kusa da gida kawai suka iya nomawa, ta bakin daji an bar ta. Na ce Allah Ya kawo sauƙi. Ya tambaye ni wa ya yi nasara a cikinmu. Na ce har yanzu ina ganin nazariyar daidai ce a duk inda aka gwada ta, amma ko ta faɗi mene ne lokaci, wannan ban sani ba, kuma yayansa ne ya koya mini in ce ban sani ba. Ya ce, "Haka yake, tun muna yara ba a gama magana da shi."

Mai babur ya leƙo ya ce mu kama hanya kafin la'asar, don bayan nan ba mai bin ta. Dattijon ya rako ni har bakin gari, ya sa aka ɗaura mini rogo a bayan babur. Ruwa ya kama mu tun kafin mu kai titi, muka fake a wata makarantar firamare da ba kowa a cikinta, ni da mai babur, kowa a tagarsa, muna jiran ya tsagaita.